Ƙullin Gashi Mai Koren Zare

Tun ina ƙarama kaina ba ya son kitso. Da an ja kaɗan sai ƙuraje su feso mini a ƙeya, in yi kwana biyu ina barci a kife. Masu kitson unguwarmu a Liman Abaji duk sun gaji da kukana, har akwai wadda in ta hango ni tafe da mataji a hannu take cewa yau bayanta na ciwo. Ina aji huɗu a sakandare wata 'yar ajinmu ta kai ni wani shagon gyaran gashi a Sabon Gari. Ta nuna mini wata gajerar mata mai jiki da ke zaune can ƙurya, ta ce, "Waccan za ki ce ta yi miki. Hannunta ba ya cizo."

Anti muke ce mata. Daga kudu mijinta ya kawo ta Keffi, shi makanike ne, ya rasu ya bar ta a ɗakin haya ita kaɗai, 'ya'yanta suna can gida wurin danginta. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. "Ka zo, 'yata? Zauna. Yau wane kai za mu yi?" Ban taɓa jin ta ce gashi ba. Komai a wurinta kai ne: kai ya yi tsawo, kai ya karye, kai yana zuba. Mu yi ta dariya, ita ma ta taya mu. Shekara uku da wani abu ban kai kaina wurin kowa ba sai ita.

Tana da wata ɗabi'a da babu mai ita a shagon. Sauran ma'aikatan in sun taje miki, gashin da ya biyo mataji ƙasa suke yar da shi, da yamma a share a kai bola. Anti kuwa a cinyarta take tara shi har ta gama. Sai ta murza shi a tafin hannu ya zama ɗan dunƙule, ta naɗe da zare, ta buɗe hannunki ta saka miki. "Riƙe kanka. Kar ka bar shi a hanya." Ta ce haka kakarta ta koya mata. Mu ma ai haka muka taso. Umma ba ta yarda a bar gashi a tsakar gida, sai dai a binne, don kada ya faɗa hannun da bai kamata ba. Ranar da na fara kawo mata ƙullin, Umma ta juya shi a hannu ta ce, "Wannan matar ta san abin da take yi."

In mutum ya yi saurin tsayar da keke ya manta nasa, Anti ba ta zubarwa. Akwai gwangwanin madara a ƙarƙashin teburinta, nan take ajiyewa sai kin dawo. Ba ta iya rubuta suna ba, don haka kowa da launin zarensa. Nawa kore ne, saboda koren hijabin makaranta da ta fara ganina da shi.

A cikin masu zuwa wurinta akwai wata mata, mijinta yana aiki a Abuja, fara ce mai yawan fara'a. Bara da damina ta fara ciwon kai, gashinta na zuba wuri-wuri, tana ramewa. An je asibiti, an je wurin masu magani, har wani ya ce wa danginta an ɗauki gashinta ne an yi aiki da shi. Ranar da yayarta ta zo shagon ina zaune a benci ina jiran layi. Ba da faɗa ta fara ba, tambaya take yi, waye yake taɓa kan ƙanwarta. Ɗaya daga cikin ma'aikatan, wadda ta daɗe tana jin haushin yadda ake tsallake ta ana jiran Anti, ta ce, "Ni dai ban sani ba, amma a duba gwangwanin can."

Yayar ta janyo shi ta zazzage a ƙasa. Ƙulli bakwai ko takwas suka gangara a kan siminti, ja, baƙi, ruwan ɗorawa, kowanne da zarensa.

"Mene ne wannan?"

Anti ta miƙe, mataji na hannunta, ba ta ma tsorata ba tukuna. "Kansu ne. Ni ina riƙe musu kansu."

Yayar ta juyo ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, a hankali ta ce, "Kun dai ji da bakinta. Tana riƙe da kansu."

Na san abin da Anti take nufi. Duk wanda ke shagon ya sani, har Madam mai shagon. Koren ƙullin ya gangaro ya tsaya daidai gaban takalmina. Abin da zan ce bai fi kalma goma ba: wannan nawa ne, mantawa na yi, ajiye mini ta yi. Sai na ji ƙafata ta ɗaga da kanta ta taka shi.

Yayar ta ɗauki mai jan zare, na ƙanwarta, ta fita. Madam ta ce ita ba ta son wahala a shagonta, Anti ta kwashe kayanta. Anti ta durƙusa tana tsince ƙullin ɗaya-ɗaya tana mayarwa cikin gwangwani. Da ta zo gabana ta tsaya, ba ta ɗago ba. Ta jira. Na ɗaga ƙafar, ta ɗauka, ta hure ƙurar, ta wuce.

Kafin in isa gida labarin ya riga ni. Umma ta ce, "Ko da wasa kar in ji kin sake bin hanyar matar nan." Na ce ai ita ce da kanta ta yaba mata. Ta ce, "A lokacin ban san tana tarawa ba."

Sati uku na yi da tsefaffen kai. Ranar da na kasa daurewa, na ce wa Umma zan je duba sakamakon jarrabawa, na hau keke zuwa Sabon Gari, na yi ta tambaya har aka nuna mini gidan, bayan wani garejin gyaran mota. Dogon gidan haya ne, ɗakuna na kallon juna. Na same ta a ƙofar ɗakinta tana tsince wake.

"Ka zo, 'yata?"

Kamar jiya muka rabu. Ta kawo 'yar kujera, na zauna tsakanin gwiwoyinta, ta shafa man kaɗanya ta fara tsaga. Ba ta tayar da maganar takalmina ba, ni ma na kasa. Ta ce tun da ta bar shagon ba wadda ta zo, maƙwabta ma sun daina aiko 'ya'yansu mata. Sauran ƙullin ta binne su a bayan gida, tunda masu su ba za su zo karɓa ba. Nawa kaɗai ta bari, don ta san zan zo.

Da ta gama ta ɗauko shi za ta sa mini a hannu. Sai na mayar da hannuna baya. "Anti, ki ci gaba da riƙe mini. A wurinki ya fi zama lafiya." Ban iya ba da haƙuri da baki ba, wannan ne haƙurin da na iya bayarwa. Ta dube ni ta ɗan jima, ta yi dariya, ta ce, "Kai yarinyar nan, kana da taurin kai," ta mayar cikin gwangwanin. Na koma gida ina jin na yi abin kirki. Na ce wa Umma wata ƙawata ce ta yi mini kitson.

Sau uku na koma bayan wannan. Na huɗun ranar Asabar ce, bayan azahar. Kitson shuku take yi mini, ta gama ɓangaren dama ta fara na hagu, sai muka ji ana buga ƙofar gidan. Yayar nan ce, da maza biyu, 'yan'uwansu, da wasu da suka biyo su daga titi. Ƙanwar tata ta ƙara jin jiki, ta daina gane mutane. An ce musu ba duka aka karɓo ba, akwai saura.

Ba su yi sallama ba. Ɗaya daga mazan ya shige ɗakin Anti, muna jin yana kifar da kwanuka, ya fito da gwangwanin ya miƙa wa yayar. Ta buɗe, ta ɗaga koren ƙullin sama don kowa ya gani.

A wannan karon na yi magana. "Nawa ne. Wallahi nawa ne. Ba na ƙanwarki ba ne. Ni na ce ta riƙe mini. In ta ce kai, gashi take nufi, haka take magana, kowa ya sani."

Yayar ta matso ta leƙa fuskata. "Ke ba 'yar Liman Abaji ba ce? Ba ke ce a benci ranar nan ba?" Na ce ni ce. Ta juya wurin mutanen. "To ku duba da idonku. Duk garin nan kowa ya guje ta, yarinyar nan kaɗai ke tsallako unguwa tana biyo ta har ɗaki. Ga gashinta a gwangwani. Har tana cewa ita ta ce a riƙe mata. Me kuke so ku ƙara gani?"

Wata daga baya ta ce, "Allah sarki, an gama da ita."

Na buɗe baki in sake magana, na ga duk abin da zan faɗa shaida ce a kan Anti. In na ce ina son kitsonta, sun ce ga shi nan. In na yi kuka, sun ce ga shi nan.

Ban ga wanda ya ɗauko katakon ba. Abin da na sani, Anti ta danna kaina cikin cinyarta ta rufe shi da hannuwanta biyu. Fuskata na cikin zaninta, yana ƙanshin man kaɗanya da hayaƙi. Katakon ya sauka sau biyu. Ban ji shi da kunne ba, ta ƙashin kaina na ji shi, kamar an taka busasshen kara. Ba ta yi ihu ba. Ta dai ce wani abu da yarensu, kuma ba ta ɗauke hannun ba.

Makanikan garejin ne suka shigo da gudu, waɗanda suka yi aiki da mijinta, suka tura mutanen waje. Wani dattijo a cikinsu ya ɗaga hannunta na dama, na ga yatsu uku sun kalli inda yatsa ba ya kallo. Suka sa ta a keke zuwa wurin mai ɗori. Ni kuma wata maƙwabciya ta ɗaura mini ɗankwalina a kan rabin kitson, ta ce, "Tafi gida, kar ki tsaya ko'ina."

Umma ba ta dake ni ba. Da ta dake ni da ya fi. Zama ta yi ta riƙe fuskata tana kuka tana tofa mini addu'a. Washegari aka kawo rubutu, na sha wani, aka ce in wanke kai da wani. Na sha. Kan ne na ƙi a taɓa. Na ga yadda Umma ta kalli ƙanwarta da ta zo dubiya, irin kallon da yayar can ta yi wa mutane.

Kwana biyar ban fita ba. A na shida na zame na je. Ƙofar Anti da kwaɗo. Maƙwabciyar ta ce wani ɗan'uwan mijinta da ke da shago a Nasarawa ya zo ya tafi da ita, daga can za a kai ta gida kudu. Mai ɗorin ya ce yatsun za su haɗe, amma ba za su ƙara lanƙwasa yadda kitso ke so ba. Har na juya, ta ce, "Tsaya. Ta bar saƙo, amma na namiji ne. Ta ce in ya zo a ba shi, a ce ya riƙe kansa. Ban san ko waye ba."

Na ce ni ce.

Ta shiga ta fito da 'yar leda. Koren ƙullin ne, ya sha taka, da ƙasa a jikinsa. Ban san yadda aka yi ta tsinto shi da wannan hannun ba.

Rabin shukun nan sati biyar ya yi a kaina, dama a kitse, hagu a cukurkuɗe. Da ya fara wari na zauna na tsefe da kaina, layi-layi, a hankali, don na san ba za a sake yi mini irinsa ba. Matar da ba ta da lafiya na ji an kai ta wani asibiti a Abuja, ban san yadda ta ƙare ba, ba ni da wanda zan tambaya. Ina yi mata addu'a, ita ba ta yi wa kowa komai ba.

Yanzu kalaba biyu nake yi wa kaina, karkatattu. Umma ta kawo masu kitso uku har gida. Da na zauna, da hannu ya sauko ta bayan kaina, sai in ji karan nan ya karye, in miƙe. Kowace miƙewa kuma ƙarin shaida ce a wurin Umma, na sani, ina ganin tana ƙirgawa a idonta. Ta tambaye ni ko akwai wani abu na matar da ya rage a wurina. Na ce babu.

Ƙullin yana cikin aljihun koren hijabina na makaranta, a ƙasan akwati. Ya kamata in binne shi, haka aka koya mana mu duka, ni da Anti. Sau biyu ina fita da shi bayan gida, in tona ramin, in tsaya ina kallon yadda ta naɗe zaren, zagaye biyar da ɗan ƙulli a gefe, in mayar da ƙasar in dawo da shi ɗaki.