Koriyar Ƙofar Nunziata

Cosimo Lauria maƙwabcina ne tun muna tsohuwar unguwarmu ta Italiyawa a New York, kafin a rushe layinmu a kafa dogayen benaye. Mai gasa burodi ne, ga taurin kai, ko wayar hannu bai taɓa yarda ya riƙe ba. Sai ga shi da tsufansa ya sayo na'urar wasan bidiyo, irin na 'yan daba da harbe-harbe. Na ce masa, "Cosimo, ka zare ne?"

Ba zarewa ya yi ba. Matarsa Nunziata ce ciwon mantuwa ya cinye. Kullum tana bakin ƙofa da jakarta tana kuka a kai ta gida, shi kansa ta daina gane shi. Wani ya gaya masa waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun kwaikwayi layinmu, suka laƙaba masa wani suna. A cikin wasan cocin unguwar na nan, da gidan burodinsa, har da koriyar ƙofarsu. Ya sa a ransa in ta ga gida za ta tuna shi.

Wahalar da ya sha ta ba ni haushi, ta kuma ba ni tausayi. Wasan na satar mota ne, shi kuwa ya rantse ba zai taɓa motar kowa ba, da ƙafa zai je. A hanya a banke shi ko a harbe shi, ya koma farko. Yatsun da suka tsufa a murzar ƙullu har kumbura suka yi.

Ina zaune a wurinsu ranar da ya isa layin a cikin wasan. Nunziata ta ajiye jakarta, ta matso gaban talabijin.

"Ga gidanmu!" ta ce. "Bawan Allah, tsaya nan. Buɗe mini, Cosimo na sama yana jirana."

"Ga ni nan, Nunzia. Ni ne fa."

"Kai dai buɗe."

Ya danna wannan, ya danna wancan. Mutumin cikin wasan sai gwara goshi yake da ƙofar. Ashe zane ce kawai, ba su gina komai a bayanta ba.

"Buɗe mana, don Allah," ta ce, tana shafa gilashin.

Cosimo ya juyo ya dube ni, hawaye na bin gemunsa.

"Rosaria, wanne zan danna?"