Rabin Lemun Malama

Ƙamshin ɓawon lemu jiya a Gidan Igwai ya tuna mini da malamarmu ta aji uku.

Jarrabawa ta matso, ni kuwa na kafe cewa ɗaya bisa huɗu ya fi ɗaya bisa biyu, tunda huɗu ta fi biyu. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta yanka lemu guda gida biyu, wani gida huɗu, ta ce, "Ɗiyata, ɗauki yankin da ya fi girma."

Na wawuri rabi, aji ya fashe da dariya.

Ta ce, "Kin gani? Cikinki ya riga kanki ganewa!"

Na ci jarrabawar. Sai bayan rasuwarta na ji cewa duk ranar da take yanka mana lemu, azumi take yi. Allah ya sa ta buɗe baki da lemun Aljanna.