Yarinyar Da Na Ajiye A Juji

A ƙauyenmu na gefen Minjibir, da an gama yankan dawa kara yakan wadata. Bayan magariba kakata Iya Delu takan hura wuta a ƙofar ɗakinta, ta binne gyaɗa a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ni da Sabi'u ɗan baffana kullum sai mun yi faɗa a kan wurin zama. Sai ta ce, "Yi ta dukansa, ja'ira, mijinki ne dai." Mu fashe da dariya.

"Ga ta nan ta iso, ku matsa mata," in ji ta in za ta fara tatsuniya, sai kowa ya yi tsit.

Tatsuniyar da ta fi yi mana ita ce ta ɗan wabi. Wata mata ce, in ta haihu sai yaron ya yi wayo, ya fara kiran Inna, sannan yatsunsa su kumbura, idonsa ya yi ɗorawa, ya tafi. Ta sake haihuwa, ya sake tafiya. Wata tsohuwa ta ce mata, "Ke, yaro ɗaya ne yake miki yawo da hankali. Daɗin kukanki yake ji." Da ya dawo sai ta kai shi juji ta ajiye, ta ɗauko shi kamar tsumma, ba ta ƙara yi masa fara'a ba. Da ya ga ba mai yi masa kuka, sai ya zauna har ya yi furfura.

Nan Iya takan tona wuta. Tara ta haifa, huɗu ta binne. "Da na sani da wuri," takan ce, "da ban nuna musu so ba."

Na auri Sabi'u, kuma wallahi ni na so shi. Ba wanda ya yi mana zancen gwajin jini. Ɗanmu na fari, Aminu, shekara uku ya yi. Yatsu suka kumbura, ido ya canza, ya tafi. Da na haifi mace, ranar suna da kaina na kai ta juji. Maryam aka raɗa mata, amma Ajuji nake kiranta. Ban yi mata tawai ba, ban yi mata kitso mai kyau ba. In ciwon ƙashi ya tashe ta tana birgima, sai in ba ta magani in juya baya. Wai kada ta gane ina son ta.

Sai da ciwon ya ci ƙarfinta muka kai ta asibiti a birni. Aka gwada mu duka. Wata malamar jinya ta zaunar da ni ta ce, "Baiwar Allah, sikila ce. Jikin mutum ƙwayoyi ne ƙanana, kowacce takan rabe biyu, ta kwafi duk abin da ke cikinta. Amma ƙwayar haihuwa rabi kawai take ɗauka. Rabi daga gare ki, rabi daga maigidanki. Kowannenku yana da rabi mai lafiya da rabi mai ciwo, kun gado daga kakanni. In masu ciwon biyu suka haɗu, shi ke nan. Kowane ciki da nasa haɗin."

Na ce, "Ashe ba Aminu ba ne ya dawo?"

Ta dube ni, ta girgiza kai.

Kwana shida Maryam ta ƙara a duniya. Na goya ta, na rungume ta, na kira ta da sunanta, ita kuwa sai kallona take da mamaki, don ba ta saba ba.

Ban riƙe Iya a zuciya ba. Abin da aka ba ta shi ta ba mu, Allah Ya ji ƙanta. Kaina ne na kasa yafe wa. Yarinyar nan ba ta taɓa zuwa duniya ba sai sau ɗaya, ba ta yaudari kowa ba. Shekara biyar Allah Ya ara mini ita, ni kuma na ƙarar da su ina nuna mata ba na son ta.