Ramuka Biyu a Dokin Ƙofa

Ladan Masassaƙi mutumin Jega ne, gajere mai faɗin tafin hannu. Ya fi shekara talatin yana sassaƙa turmi da taɓarya da ƙota, kuma daga Kimba har Liba da wuya ka shiga gida uku ba ka tarar da aikinsa a ɗaya ba. Gyaran dokin ƙofa kuwa a wurin mahaifinsa ya koya. Idan ƙafa ta cinye itacen, sai a tono shi, a kife, a mayar da cikinsa sama, a shafe da man kaɗanya. Fuskar da ta lotse ba a taɓa ta.

Shekarar da ta biyo bayan samun Jihar Kebbi, kowa gyaran gida yake. Ladan ma ya sayi ƙarfen kankare katako irin na kafintoci, yana ta ɗokin gwada shi. Sai ga Ayuba, wani mai fataucin albasa, ya kira shi zuwa garin Danwarai. Ya yi wa zauren mahaifinsa yaɓen siminti, saura dokin ƙofa. Tsohon itacen kirya ne mai ramuka biyu, na dama zurfin yatsa uku, na hagu yatsa biyu.

"A kihe shi, Alhaji?" Ladan ya tambayi Ayuba.

"In fasa simintin da ko bushewa bai gama ba? Ga sabon ƙarhe hannunka kana ta lallaɓa shi kamar amarya. Goge muna shi ya yi sumul."

Ladan ya tsuguna. Ya ci tudun da ke kewaye da ramukan da gizago, ya bi da sabon ƙarfen, ya shafa mai. Kafin la'asar itacen na ƙyalli, ko kwarzane babu.

Mahaifin Ayuba, Baba Barau, ya daɗe da makancewa, amma ba a yi masa jagora tsakanin gida da masallaci. Ranar ya dawo yana bin bango da sanda, ya tuɓe takalmi, ya ɗora ƙafa. Ya shafa dama, ya shafa hagu. Sai ya ja da baya.

"Ayuba, gidan wa ni ke?"

"Gidanka na, Baba."

"Wanga ba gidana na ba."

Dariya aka fara yi. Gudiya, 'yar tsohon, ta kira shi daga ciki, ya karkata kunne ya ce, "Muryar Gudiya ta, amma mi ta zo yi gidan mutane?" Aka kama hannunsa, ya fizge. Ya ce shi da furfurarsa ba zai kutsa gidan wani ba, mai gida bai ce ya shigo ba. Ya lalubi dakalin waje ya zauna, nan ya ci tuwo, nan ya kwana. Gari ya waye yana tambayar masu wucewa ko akwai mai zuwa wajen gidansa.

Da labari ya isa Jega, Ladan ya ajiye turmin da yake fafewa ya koma. Ya tuna zurfin ramukan sarai. Ya fafe su da kansa, uku a dama, biyu a hagu, ya goge da yashi da tsumma har fatar yatsunsa ta saɓule. Sannan ya riƙo tsohon.

"Baba, taka ka ji."

Baba Barau ya daɗe da ƙafarsa a cikin ramin.

"Ɗan sassaƙe, hannunka na da kyau, Allah shi yi albarka. Amma wanga ramin gizago na. Na gidana, uwar Ayuba ta yi shi da tulu bisa kai, ita da yara huɗun da munka kai makwanci. Ina jin su in na taka. Nan ba kowa."

Ayuba ya kafa masa rumfa a kan dakalin. Ladan kuwa duk mako sai ya zo ya zauna kusa da shi, yana ba shi labarin kasuwa, yana lallashinsa. Tsohon ya saurara, ya yi dariya, in Ladan zai tafi ya ce, "In ka bi ta ƙofata, ce musu ina nan tahe."

A kan dakalin ya cika, farkon damina, da hantsi. Mutum huɗu suka ɗauke shi za su kai shi ciki a yi masa wanka, Ladan ne a wajen kai. Suna isa bakin zaure Gudiya ta tare su, tana share hawaye da gefen mayafi.

"Ku yi mai sallama tukuna. Bai shiga gidan mutane haka nan."

Ladan ya gyara murya ya yi sallama. Suka tsaya da gawar a hannu suna sauraro. Mutanen gidan duka suna waje, babu wanda ya amsa.