Abin da Aka Ciro a Tumbin Akuyata

Ko da zan manta komai na zaman da muka yi a gidan hayar nan na Zuru, ranar da aka yanka akuyata ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun wuce, amma har yau in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa.

Akuyar ja ce mai farin goshi. Mahaifiyata ta ba ni ita a ƙauyenmu Dabai tana 'yar ƙarama, a damanar da ta rasu. Tufafinta an raba, gonarta ta koma hannun yayyena maza, ni abin da ya rage mini na hannunta ke nan. Na kafa mata turke a bayan ɗakinmu, kusa da inda mutanen gidan suke zubar da shara, don babu wani fili sai nan. Da rana nakan sake ta ta ɗan zaga. A lokacin da nake ba ku labari cikinta na fari ya tsufa, kullum da safe sai na shafa shi ina yi mata magana da yarenmu kamar yadda mahaifiyata take yi da tana raye.

A gidan akwai wata mata da ta girme ni, mijinta tsohon soja ne, duk muna ce mata Yaya. Ta daɗe a barikoki a kudu, ta dawo da sana'ar man shafawa. Babban bokiti take sarowa, mai wani irin ƙamshi da yake hawa kai, ta riƙa ƙulla shi a ƙananan ledoji tana sayar wa matan unguwa. Mace ta fito daga wanka, ta ɓula leda da haƙori, ta matse a hannu, ta wurgar da ita ta bayan katanga. Ledojin nan da sauran maiƙo a jikinsu iska take tarawa daidai turkena.

Ni kuwa ban taɓa saye ba. Man da nake shafawa curi ne mai tauri, kamar sabulu. Man kaɗe nake sayowa wurin matan ƙauyenmu, in narka shi da ɗan kakin zuma, in zuba a ƙoƙo ya daskare, in naɗe da ganyen kalgo. Kin ɗauka kin murza a tafin hannu, ɗumin jikinki ya narka miki daidai buƙatarki, kin mayar. Fasau da kaushi ba su san ƙafata ba, kuma in curin ya ƙare babu abin yarwa sai ganye. Dalilina ba wani na boko ba ne. Ina yarinya na ga leda ta kashe bijimin noman babana, tun daga nan na tsani abar.

Ashe rashin sayen nan ya tsaya wa Yaya a rai. Ranar da na je da ladabina na ce, "Yaya, don Allah ki riƙa gaya wa masu saye su daina jefa ledar nan a baya, dabba tana bin maiƙon," sai ta dube ni sama da ƙasa.

"Ƙanwata, in ciniki ne yake ba ki haushi ki faɗa. Ke da kike goga dutse a jiki kina warin ƙauye, ke za ki koya mini tsabta?"

Matan da ke wurin suka kwashe da dariya. Na haɗiye, na koma ina tsince ledojin da kaina safe da yamma. Amma ina koyarwa a makarantar firamare, ba wuni nake a gida ba, iska kuma ba ta jiran in taso daga aiki.

Sannu a hankali akuyata ta daina tuƙa. In na zuba mata dusa ta shinshina ta kau da kai. Ta rame har ƙasusuwan bayanta suka fito, cikin kuwa ya yi tauri ta gefe ɗaya. Muka kira malamin dabbobi, ya danna, ya girgiza kai, ya ce an makara, a yanka kafin ta mutu a banza. Mijina ya kira mahauci Musulmi don kowa a gidan ya iya cin naman, kamar yadda aka saba. Na ce ba zan kalla ba, amma na tsaya aka yi komai a gabana.

'Ya'ya biyu aka ciro, har gashi ya fito musu. Da mahaucin ya tsaga tumbin sai ya ja da baya. Wani dunƙule ne ya fito, ya kai girman kan jariri, leda zalla ta cuɗe ta murɗe. Ko a cikin warin nan ana jin ƙamshin man Yaya. Mahaucin ya ce, "Madam, wannan baiwar Allah yunwa ta kashe ta da cikinta cike."

Yaya tana tsaye a ƙofar ɗakinta tana kallo. Na zaci ko sannu za ta ce. Abin da ya fito daga bakinta shi ne, "To dabba ai ba ta da hankali. Mai ita ce ya kamata ta kula." Ta shige.

Wallahi da a nan ta tsaya, da na bar wa Allah. Ana cikin rabon nama sai ga kwanonta an ajiye a ƙofata, da murfinsa, da saƙon wai in akwai hanta a sa mata, mai gidanta yana so. Hanta fa. Ta kashe mini abin da uwata ta bar mini, ta zage ni a gaban mutane, ta kuma zaɓi wurin da za ta ci.

Ban yi hayaniya ba. Na ɗauki dunƙulen ledar nan, ban ko ɗauraye shi ba, na sa a kwanon, na rufe, na kai mata da hannuna. Na ce, "Yaya, ga naki kason. Duk abin da ke ciki daga wurinki ya fito." Ta buɗe a gaban matan nan masu dariya.

Mijina ya yi mini faɗa, ya ce ta girme ni. Matan coci ma sun zo sulhu, na gaishe ta don girmansu, amma haƙuri ban ba ta ba, har muka bar gidan. Ba ta daina ƙulla manta ba. Mata biyu dai sun zo a ɓoye na nuna musu yadda ake curin, ɗayarsu tana da tumaki.

Abin da na koya shi ne, abin da mutum ya wurgar ta bayan katanga bai tafi ko'ina ba, gidan wani ya faɗa, kuma mai wurgarwar ba shi yake kuka ba. Shi ya sa yanzu kafin in sayi man shafawa ko wani abu, nakan fara tambayar kaina inda mazubinsa zai ƙare. Kuma in na ga ana cutar abin da ke hannuna, na daina yin magana sau ɗaya in koma gefe don gudun a ce ba ni da kunya. Kunyar da na ji a lokacin, akuyata da 'ya'yanta biyu ne suka biya ta.