Ranar da baban Hafsat ya tambaye ni aikina

Ina durƙushe a zaurensu a unguwar Sheshe, karon farko da baban Hafsat, yarinyar da nake nema, ya ce yana son ganina.

Ya ce, "Malam Nura, an ce kai likita ne?"

Na ce, "A'a Baba, fiziks na karanta. Ina koyon aiki a sashen da ake gasa ciwon daji da na'ura. Mu muke auna ƙarfin hasken na'urar, kada ya yi wa marar lafiya yawa."

"Mutum nawa ka duba?"

"Tukuna dai, Baba. A kan tankin ruwa nake bincikena. Shi muke fara haskawa, tunda jikin mutum yawancinsa ruwa ne."

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

Ya dube ni ya ce, "To, ruwan ya samu sauƙi?"

 Na ce a raina shi kenan, na faɗi.

Sai ya ce, "Wanda ya shekara biyu yana lallaɓa ruwa zai iya zama da Hafsat. Turo manyanka."

Har yau ban gane ba: ni aka yaba, ko Hafsat aka yi wa tsiya? Jama'a, ku raba min gardama.