Zakaran Kaka Bulus

Kun dai san Kaka Bulus: abiyo, wato jirgin sama, ba ya wucewa saman unguwarmu Maourey bai cire hula ya gaishe shi ba. Shekara goma ya yi yana dafa wa monper, limamin coci, abinci a Dogondoutchi, amma Latin ɗin da ya kwaso kalma ɗaya ce tak. Ni jikarsa, amaryarsa ta wasa, kullum ni yake yi wa jarrabawa.

"Amaryata, zo nan! Avis, me ke nan?"

"Tsuntsu, tsoho. Jiya ma tsuntsu ne."

"To, duk kalmar Faransanci da ta fara da avi, kamar avion, daga nan ta fito. Jinin tsuntsu ce!"

Shi ya sa ya raɗa wa jan zakaransa suna Avis, wai shi ne yayan duk jiragen sama.

Shekarar da muka sami mulkin kai, ya maƙale Avis a hammata, ya ɗauki kwanon gero, sai filin jirgi. Jandarma ya tare shi.

"Baba, ina zuwa?"

"Na kawo shi ya ga ƙannensa. Tun daga Faransa suke tafe, ko tsaba ba ku watsa musu ba. Wannan ce ƙasar da za ku riƙe?"

Wallahi sai da jandarman ya sara wa zakara!

Matsalar ita ce Kaka Marta, matarsa. Duk Nowel, wato Kirsimeti, sai ta wasa wuƙa tana hararar Avis.

"Bana kam sai tukunya."

"Marta, ki yanka yayan jirgin shugaban ƙasa? Gidan kaso kike so?"

Sai ta tafi Petit Marché ta sayo wata kaza. Kaka Bulus ya cinye har ƙashi. Na ce, "Tsoho, wannan ba avis ba ce?"

"Wannan? Jahila ce, ba ta san asalinta ba. Miƙo romon."

Da Kaka Bulus ya rasu bara, baƙi suka cika gida, nama ya kasa. Kawu Yusufu ya cafko Avis, ya take fikafikansa. Kaka Marta ta fito da wuƙar nan tata. Na rufe ido.

Sai ga abiyo a sama. Ta tsaya, ta ɗaga kai har ya ɓace.

"Sake shi, Yusufu. Yanzu wa ya rage mini da zan yi wa faɗa?"

Wake baƙi suka ci. Avis yana nan, ya tsufa, cararsa kamar tari.

Ubangiji ya ba mijina na wasa hutawa, ya ɓoye shi ƙarƙashin fikafikansa. Amin.